Kafin Ka Sayi Modem Saboda An Rubuta 150Mbps A Kwalinsa

Kwanan nan masu kwamfuta, musamman ɗalibai da masu kafe a nan Kabo, suna yawan tambayata wane modem ne ya fi gudu. Amsata ɗaya ce: ba modem ke ba ka gudu ba, ƙarfen sabis ɗin da ke kusa da kai ne.

Wannan 150Mbps da ka gani a kwalin Huawei E3372 iyakar abin da zai iya ɗauka ke nan idan komai ya daidaita. Kuma ka raba shi gida takwas kafin ka samu megabait ɗin da kake gani wajen sauke fayil. Ƙarfe ɗaya kuwa jama'a da yawa ke rabon sa. Shi ya sa sabis ɗin da ke tashi kamar iska bayan asuba, da an yi isha'i kowa ya hau TikTok sai ka ga yana jan ƙafa. Ko modem na nawa ka saya, ba zai kori mutane daga kan layi ba.

Inda aka fi cutuwa shi ne tsofaffin modem irin E303 da E173. Na 3G ne, 7.2Mbps suka tsaya. MTN da Glo sun fara 4G tun 2016, amma har yau ana sayar wa mutane waɗannan. Ka sa masa layin 4G, 3G ɗinsa zai ba ka, ba ƙari.

Sai maganar band, wadda kusan ba mai tambaya. Glo na amfani da Band 28, wato 700MHz, kuma E3372 iri-iri ne: mai lamba 153 ba ya kama shi, mai 607 yana kamawa. Suna ɗaya, kwali kusan ɗaya. Mu na karkara ƙananan band irin 28 da 20 sun fi mana amfani, don sun fi tafiya nesa da ratsa bango. In za ka Farm Centre, ka sa a juya maka bayan modem ɗin ka karanta lambar da idonka.

5G fa? MTN ta kawo shi 2022, Kano na cikin biranen farko, amma waɗannan modem ɗin ba sa kama shi sam.

Ni shawarata, kada ka fitar da ko sisi sai ka gwada. Ka sa layin a wayarka, a ɗakin da za ka yi aikin, ka buɗe Speedtest safe da dare. Wanda ke Garo kada ya dogara da gwajin cikin garin Gwarzo. In wayar ta ba da gudu mai kyau, haɗa ta da kwamfuta da wayar caji ka kunna tethering, ta wadatar. In kuma modem ɗin kake so dole, haɗa da doguwar wayar USB ka rataye shi a taga, don rufin kwano yana tare sabis sosai.