Shawarar Kuɗi Tsakanin Abokan Aiki

Da wuya a sami ofishin gwamnati a ƙasar nan da babu mutum guda a cikinsa wanda ake ganin ya san kan kuɗi. Wani lokaci akanta ne, wani lokaci kuwa akawu ne da ya sauya mota, aka fara dubansa da idon girma. Da an idar da sallar Azahar, ko kuma ana zaman jiran albashi, shi ake kewayewa ana tambaya ina ya kamata a sa ɗan abin da ya rage. Wannan ba aibi ba ne. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙanƙancin albashi, wato Naira 70,000 bisa dokar 2024, ba shi da halin biyan masani ya ba shi shawara, kuma tun asali adashi da ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata a kan yarda da juna aka kafa su.

Sai dai wannan yarda ita ce ƙofar da asara ta sha shigowa ta cikinta. Bayan da Babban Bankin Nijeriya ya umurci bankuna a 2004 su kai jarinsu Naira biliyan 25, an yi ta sayar da hannun jari, takardun saye suna yawo daga tebur zuwa tebur, har wasu suka ci bashi suka saya domin wane ya ce riba tabbas ce. Kasuwar ta faɗi a 2008. A 2016 sai ga MMM da alkawarin ribar kashi 30 cikin ɗari a wata, cikin Disamba na shekarar ta rufe asusun jama'a. A Afrilun 2025 kuma CBEX, wadda ta yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, ta bi sahu.

Abin da ya kamata a lura da shi shi ne, mai kawo irin wannan shawara sau da yawa ba maƙaryaci ba ne. An biya shi da gaske, zai ma ciro wayarsa ya nuna shaidar shigar kuɗi. Abin da bai gane ba, ko kuwa ya gane ya yi shiru, shi ne da kuɗin waɗanda suka shiga bayansa aka biya shi, kuma akwai la'adar da ake ba shi a kan kowane mutum da ya kawo. Duk wanda ke da la'ada a cikin magana dillali ne, ba mashawarci ba, kuma wajibi ne ya faɗi haka kafin ya buɗe baki a kan riba.

Al'amarin ya fi muni in shawarar ta fito daga sama. Masinja ko magatakarda ba ya iya ce wa shugaban sashensa a'a kai tsaye, alhali shi ne mai sa hannu a takardar ƙarin girmansa da ta hutunsa. Sai ya je ƙungiyar gama-kai ya ci bashi, abokan aiki biyu su tsaya masa. Ran da abin ya rushe, daga albashi ake cirewa, in nasa bai isa ba a koma kan waɗanda suka tsaya masa. Ga shi kuma kowace safiya sai sun gaisa da wanda ya jawo su, ofis ɗaya, babu inda za a gudu.

Doka ta riga ta yi magana. Dokar zuba jari ta 2025 ta haramta irin waɗannan tsare-tsare, ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 10 ga masu gudanar da su. Takardar rajistar kamfani ita kaɗai ba izinin karɓar jarin jama'a ba ce. Sai hukumar SEC ta ba da lasisi, kuma ana iya duba sunayen masu lasisin a shafinta na intanet.

Shawara mai amfani kuwa ba ta da armashi, shi ya sa ba a cika jin ta ba. A tuna wa abokin aiki ya riƙa duba asusunsa na fansho, ya tabbatar kashi 8 da ake cire masa da kashi 10 na mai ba shi aiki suna shiga, kamar yadda dokar 2014 ta tanada. A gaya masa cewa hukumar NDIC tana lamunce ajiyar banki har Naira miliyan 5, abin da masu ajiya a bankin Heritage suka ga amfaninsa da aka soke lasisinsa a Yunin 2024. Babu wata hukuma da ta lamunce kuɗin da aka tura wa CBEX.

Ya kamata shugabannin ma'aikata na tarayya da na jihohi su fitar da takardar umurni da za ta hana kowane jami'i tallar wata harkar saka jari ga na ƙasa da shi a wurin aiki, tare da horo bayyananne ga wanda ya saɓa. Ƙungiyoyin gama-kai su ma su riƙa tambayar mai neman bashi abin da zai yi da shi, su karanta wa masu tsaya masa sharuɗɗan a gabansa kafin su sa hannu.