Taimakon Mai Ƙarfi Bashi Ne

Zuwa ga Edita,

Ga ni kuma wannan mako, ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni.

Ran kasuwar Makarfi muna zaune wajen masu rake, sai wani malami mutumin Ikara ya ce mini, "Malam, me ya haɗa mu da labarin yaƙe-yaƙen Amurka da ka ke yawan kawowa?" Na ce masa ya saurara, don irin abin nan an yi shi a ƙofar gidanmu.

Cikin shekarar 1898 Amurka ta yi yaƙi da Sifen a kan tsibirin Kuba. Mutanen Filifin kuwa, da ya ke sun daɗe suna neman fita daga hannun Sifen, sai suka kama wa Amurka, da madugunsu Aginaldo, suna tsammanin in an ci nasara ƙasarsu za ta koma hannunsu. Ashe ba haka ba ne. Cikin watan Disamba aka ƙulla sulhu a birnin Faris, ba ko mutum ɗaya nasu cikin masu sa hannu. Sifen ta karɓi dala miliyan 20, ta miƙa wa Amurka ƙasar. Ba a yi wata biyu ba yaƙi ya tashi tsakanin abokan jiya. Aka kama Aginaldo cikin 1901, 'yanci kuwa bai samu ba sai 1946.

To, jama'a, mu komo gida. Bayan da Turawan Ingila suka kori Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse daga Kwantagora cikin 1901, sai ya faɗo ƙasar Zazzau yana kai hari. Da abin ya tsananta, Sarkin Zazzau Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Suka zo cikin 1902, suka kama Nagwamatse, amma ba su koma ba. Suka ajiye soja da Razdan a Zariya. Shekarar ba ta ƙare ba suka kama Kwasau kansa suka tafi da shi, cikin 1903 aka naɗa Aliyu Ɗan Sidi. Daga Zariya ɗin nan ne kuma rundunar Kanar Molan ta tashi ƙarshen Janairu 1903, ta yi arewa, ta fasa Bebeji, ta ci Kano ran 3 ga Fabrairu. An gudu wa gara, an faɗa gidan zago ke nan.

Ni ban ga laifin Kwasau ba, don wanda wuta ta kama wa ɗaki ba ya tambayar mai kawo ruwa sunansa. Abin da na ke so mu lura shi ne, mai ƙarfi ba ya tahowa don Allah kaɗai, kuma kiransa ya fi sallamarsa sauƙi. Ko maƙwabtanmu na Nijar sai cikin 2024 suka warware alkawarin soja da ke tsakaninsu da Amurka, sa'an nan sojanta suka bar Agadas.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu, kafin su sa hannu a takardar alkawari da kowace ƙasa, su karanta wa talakawa abin da ke ciki, su kuma tambayi baƙon ranar tafiyarsa tun bai sauke kaya ba. Allah ya ba mu zaman lafiya, amin.

Wassalam. Naka,
Ɗan Makarfi.