TAFIYA MABUƊIN ILMI: Akwatin da ba ya jin magiya

Filin "Tafiya mabuɗin ilmi" na wannan wata zai kai mai karatu ƙasar Faransa da maƙwabtanta, don a ga yadda ake gudu da mota bisa manyan hanyoyinsu, da yadda hukuma take horon wanda ya wuce ƙa'ida.

A tashar mota ana yawan jin samari suna cewa: "Can ƙasar Turawa mota tashi take yi, ba mai tsai da kowa." Akwai gaskiya cikin maganar, amma rabi ce. Ga sauran rabin.

MECE CE OTORUT?

Otorut babbar hanya ce da aka yi domin motoci su kaɗai. Hanya biyu ce a jere: ɗaya ta masu tafiya, ɗaya ta masu dawowa. An raba tsakaninsu da shingen ƙarfe ko na siminti, don kada motoci su yi gaba da gaba. Kowane ɓangare yana da layi biyu ko uku. Ba mararraba, ba kasuwa a bakinta, ba ta ratsa tsakiyar ƙauye. Idan wata hanya za ta gitta ta, sai a yi gada, ɗaya ta bi sama, ɗaya ta bi ƙasa.

An kewaye ta da waya dama da hagu. An hana mai ƙafa, da mai keke, da mai amalanke, da mai tarakta su hau ta. A wurare da yawa an yi wa bisashe mashiga ta ƙarƙashin hanya. Har namun daji an gina musu gadoji, an shuka itace a kai, don su ƙetare lafiya. A Faransa, yawancin waɗannan hanyoyi sai an biya kuɗi ake bin su.

Ƴan ci-rani da suka je Abijan sun ga irinta, wadda ta tashi daga Abijan zuwa Yamusukuro. Waɗanda suka je Gana sun san ta Akara zuwa Tema, wadda aka buɗe a 1965.

GUDUN DA DOKA TA YARDA

Ana auna gudun mota da yawan kilomitan da take ci cikin awa ɗaya. Ga abin da dokar Faransa ta ce:

Bisa otorut, idan gari ya yi sarari: kilomita 130.
Idan ana ruwa: kilomita 110.
Idan hazo ya rufe, ba a hangen abin da ya wuce mita 50: kilomita 50.
Sabon direba, cikin shekarunsa na farko: kilomita 110.
Kar ta fasinja: kilomita 100. Babbar kamyo: kilomita 90.
Bisa gudron na ƙauye, inda motoci suke gamuwa gaba da gaba: kilomita 80, a wasu jihohi 90.
Cikin gari: kilomita 50.

Bisa otorut kowa yana riƙe layin dama. Wanda zai wuce wata mota ya bi ta hagu, ya wuce, ya komo dama. Wucewa ta dama laifi ne. Jan jiki ma laifi ne: idan hanya a buɗe take, ba a yarda mutum ya zauna layin hagu da gudun da bai kai 80 ba. Motoci da yawa suna da wata na'ura mai riƙe gudu. Direba ya saita ta a 130 ko ƙasa da haka, ya ɗauke ƙafa, mota ta yi ta tafiya ba ƙari ba ragi.

ME YA KAWO DOKAR?

A da ba a ƙayyade gudu bisa otorut ba. Kowa gwargwadon ƙarfin motarsa. A shekarar 1972 mutum fiye da 16,000 suka mutu bisa hanyoyin Faransa. Wannan kamar a ce babban gari guda ya ƙare cikin shekara ɗaya. Sai gwamnati ta tashi. A 1973 ta tilasta ɗaura ɗamarar kujera, ta fara ƙayyade gudu. A 1974 ta tsai da 130 bisa otorut, kuma har yau haka yake.

Dokar ruwan sama ma tana da nata dalili. Ran 31 ga watan Yuli 1982, da dare, ana ruwa, motocin kar masu ɗauke da yara zuwa hutu suka yi karo da wasu motoci bisa otorut kusa da garin Beaune. Wuta ta kama. Mutum 53 suka rasu, 46 daga cikinsu yara ne. Bayan wannan masifa aka rage gudu lokacin ruwa, aka rage gudun kar, aka ce a sa wa manyan motoci na'urar da ke hana su wuce iyaka.

Amma doka a takarda daban, bin ta daban. Jandarma ba ya iya tsayawa ko'ina. Direba ya san sau da yawa zai yi gudu ba wanda ya gan shi. In an kama shi, yana sa ran wani sananne zai sa baki. Har ma an saba, idan aka yi sabon shugaban ƙasa, yakan yafe wa jama'a ƙananan tarar hanya. A 2002 mutum fiye da 7,000 suka mutu. A wannan shekara shugaba Jak Shirak ya ce kiyaye rayuka bisa hanya yana cikin manyan ayyukan mulkinsa. A watan Oktoba 2003 aka kafa radar na farko mai aiki shi kaɗai. Daga 2007 kuma aka daina yafe tara.

YADDA RADAR YAKE AIKI

Radar wani akwati ne da ake kafawa bakin hanya. Yana auna gudun kowace mota da ta gitta. Idan ta wuce ƙa'ida, sai ya ɗauki hoton lambarta. Hoton ya tafi wani babban ofishi a birnin Rennes. Can za a duba lambar, a gano mai motar. Bayan ƴan kwanaki takardar tara ta iske shi har gida.

Direba bai ga jandarma ba, ba wanda ya busa masa usur. Ba wanda zai ce wa: "Ranka ya daɗe, a yi haƙuri." Akwatin bai san attajiri ba, bai san ɗan sarki ba, ba ya barci, ba ya karɓar goro. Yau akwai irinsa fiye da 4,000 cikin ƙasar.

Hukuma ta san na'ura tana iya yin ɗan kuskure. Saboda haka idan gudu ya wuce 100, ana rage 5 cikin 100 kafin a yi hukunci. Wanda aka auna da 140, za a rubuta masa 133. Duk da haka ya wuce 130, sai ya biya.

Wasu direbobi suka koyi wayo. Su taka birki kusa da akwatin, suna wucewa su sake taka mai. Sai aka kawo wata dabara: akwati biyu, ɗaya a farkon wani yanki na hanya, ɗaya a ƙarshensa. Na farko ya rubuta lokacin shiga, na biyu ya rubuta lokacin fita. Misali, yanki mai kilomita 13. Mai tafiya da 130 zai cinye shi cikin minti 6. Wanda ya iso cikin minti 5, lissafi ya tona shi: ya yi 156. Bayan wannan akwai motocin hukuma marasa alama, masu radar a ɓoye, suna tafiya cikin sauran motoci.

TARA DA MAKI

Kuɗin Faransa yuro ne. Yuro 1 ya yi kusan sefa 656, wato dala 131. Wanda ya wuce ƙa'ida bisa otorut da abin da bai kai kilomita 20 ba, tararsa yuro 68 ce, kusan jika 45. Daga 20 zuwa 49, yuro 135, wato jika 88 da rabi. Wanda ya wuce da 50 ko fiye, alƙali yana iya cin shi tarar da ta haura jika 900, kuma ana iya kama motar.

Akwai abin da direbobi suke tsoro fiye da kuɗi. Tun 1992, parmi, wato takardar tuƙi, tana da maki. Cikakken direba yana da maki 12. Kowane laifi yana cin nasa: wuce ƙa'ida da 20 yana cin 2, da 30 yana cin 3, da 40 yana cin 4, da 50 yana cin 6. Ran da maki ya ƙare, parmi ya mutu. Sai mutum ya zauna watanni ba tuƙi, ya sake jarrabawa. Mai kuɗi yana iya biyan tara, amma in makinsa ya ƙare shi ma sai ya ajiye mota. Baƙo ma bai tsira ba: in jandarma ya tsai da wanda ba mazaunin ƙasar ba, yana iya sa shi ya biya nan take, in ba haka ba a riƙe motar.

Me aka samu? A 2006 waɗanda suka mutu bisa hanya ba su kai 5,000 ba. A 2023 wajen 3,200 ne, alhali motoci sun fi na 1972 yawa nesa ba kusa ba. Ba radar kaɗai ya yi aikin ba. Ɗamarar kujera, da awon giya, da ingancin motoci, da saurin kai agaji, duk sun taimaka. Amma mutuwa ta ragu da sauri a shekarun da direba ya tabbata in ya yi laifi takarda za ta zo.

TO, JAMUS FA?

Labarin da samari suke bayarwa a tasha daga Jamus ya fito. Gaskiya ne, a fiye da rabin manyan hanyoyinta, waɗanda suke kira otoban, ba a ƙayyade wa ƙananan motoci gudu ba. Amma hukuma ta ba da shawara a tsaya a 130. Wanda ya wuce haka ya shiga hatsari, ana iya ɗora masa wani kaso na asarar ko da ba shi ya jawo ba. Kamyo ba ta wuce 80. Inda aka kafa allon gudu akwai radar. Wanda ya manne wa motar gabansa ana cin shi tara. Su ma suna da maki: wanda aka rubuta wa 8, an karɓe parminsa.

A Ingila iyaka mil 70 ce, kusan kilomita 112. A Suwis 120. A ƙasar Finlan, babbar tara gwargwadon samun mutum take. A 2023 an ci wani attajiri yuro 121,000, wajen miliyan 79 na sefa, don ya yi 82 inda aka ce 50.

LISSAFI KAƊAN

Tafiyar kilomita 100 da gudun 130 tana cin minti 46. Da gudun 150 tana cin minti 40. Ribar duka minti 6 ce, ko shayin farko bai nuna ba. Ga mai da ya ƙone a banza.

Me aka sa a caca domin minti 6? Mota mai gudun 130 tana cin mita 36 cikin sakan ɗaya. Daga lokacin da direba ya ga abu a gabansa zuwa lokacin da mota za ta tsaya cik, za ta ci fiye da mita 120, ta wuce tsawon filin ƙwallo. Idan an ninka gudu sau biyu, nisan da birki yake buƙata yana ninkuwa sau huɗu. Shi ya sa doka ta ce a bar tazarar sakan 2 tsakanin mota da mota, wajen mita 70 bisa otorut.

ABIN DA ZA A RIƘE

Bafaranshe ya yarda da 130 ne bisa hanyar da ba jaki, ba amalanke, ba yaro mai talla, ba mota mai zuwa ta gaba. Da ya sauka bisa gudron na ƙauye, sai ya koma 80. Kuma bisa irin wannan gudron ne fiye da rabin masu mutuwa a hanyoyin Faransa suke mutuwa. Na otorut ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi ta Doso da Ƙonni da Maraɗi zuwa Damagaram ba otorut ba ce. Irin gudron ɗin nan ne na gaba da gaba. Tana ratsa ƙauyuka da kasuwanni, tana gitta burtali. Direban da ya yi 130 a kanta ya ɗauko gudun otorut ya bar shingenta a can.

Makiyayi mai ƙetarar da garke ya tuna: mota mai gudun 100 tana cin mita 28 cikin sakan ɗaya. In ya hango ta a nisan mita 200, sakan 7 gare shi, ba ƙari. Saniya ba ta ƙetare gudron da umurni. Ya jira motar ta wuce, kuma kada ya ƙetare a kwana ko bayan tudu.

Fasinja kuma ya biya kuɗin mota don ya isa gida ne. Inda babu akwati bakin hanya, bakinsa ne akwatin. In allurar gudu ta hau, ba rashin kunya ba ne dattijo ya ce: "Direba, sassauta, yara suna jiranmu." In mutum ɗaya ya faɗa, ana iya yi masa dariya. In mota duka ta faɗa, direba zai ɗaga ƙafa. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Allah ya kiyaye hanya. Sai wata mai zuwa.