In An Hana Ka Diyya, Akwai Kotu

Jama'a, ku kasa kunne, wannan magana ta shafi kowane gida. Yaranmu suna tafiya cin rani Kano, su kama aiki a masana'antun Bompai ko Sharaɗa, ko wurin gini. Ran nan sai inji ya datse wa yaro hannu, ko ya faɗo daga bene ƙugu ya karye. A ba shi kuɗin mota, a ce Allah ya kiyaye gaba, shi ke nan. Ya dawo ƙauye, ko fartanya ba ya iya riƙewa. Ƙaddara gaskiya ce, amma wa ya ce ta soke diyya?

Tun shekarar 2010 akwai dokar diyyar ma'aikata. Mai kamfani ne zai riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na albashin da yake biya a asusun hukumar NSITF, kuma an hana shi cirewa daga ladan ma'aikaci. Lebura mai aikin yini ma yana ciki, ko da baki da baki aka ɗauke shi. Wanda ya nakasa ƙwarai, har ba zai sake iya aiki ba, a riƙa ba shi kashi 90 cikin 100 na albashinsa kowane wata.

To, ɗan'uwa, wajen lokaci ake kayar da talaka. Cikin kwana 14 za ka sanar da mai aikin. Cikin shekara 1 za ka nemi diyyar. In hukumar ta ƙi, kana da kwana 180 ka koma gare ta a rubuce, ta sake dubawa. In ta sake ƙi, sai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, kotun Tarayya ce, tana zama a Kano, tana zama a Kaduna. Alƙali takarda zai nema. Takardar likita da ta ƙin biya, a adana su kamar takardar gona. A riƙe sunayen waɗanda abin ya faru a gabansu.

Mun sani, lauya kuɗi ne, mota ma kuɗi, ga mai ƙarar ba ya iya tafiya sai an ɗauke shi. Saboda haka masu neman ƙuri'a in sun zo ƙofar dagaci da lasifika, ku tare su: wa zai kawo lauyan gwamnati na kyauta hedkwatar ƙaramar hukumarmu? Kamfanin da ya ƙi zuba kuɗin kuma, me za ku yi masa?