Mota ga mai ƙaramin ƙarfi a Birnin Gwari: a tambayi bakanike kafin dillali

Tun da Gwamna Uba Sani ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, bayan ta shafe shekaru a garƙame saboda 'yan bindiga, zirga-zirga ta soma farfaɗowa a yankin. Manomin da ya sayar da masararsa, da ɗan kasuwar da ke kai kaya Funtuwa, da ma'aikacin da ya gaji da jiran mota ta cika a tasha, kowa ya fara lissafin yadda zai mallaki tasa. Sai dai kuɗin yau ba ya sayen abin da yake saye a da. Kafin watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, a farkon 2024 ta haura 1,500. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu, 2023, ta haye naira dubu a ƙarshen 2024.

Mota dal a leda ta fi ƙarfin yawancin mutane, ko da kuwa Peugeot 301 ce da kamfanin Dangote ke haɗawa a Kaduna tun 2022. Abin da ya rage shi ne tokumbo, wadda ita ma ta yi tsada tun da aka hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa a Janairun 2017, ko kuma wadda wani ya riga ya mora a nan gida. Kowacce mutum ya ɗauka, tsohuwar mota ya saya, kuma a jikin tsohuwar mota, bayan inji, babu abin da ke cinye jarin mai ita kamar giya.

Masu saye da yawa ba nan suke dubawa ba. Idonsu na kan fenti da sanyin esi da shekarar ƙira, dillali kuwa ya san haka, shi ya sa zai buɗe ƙofa ya ce, "Alhaji, shiga ka ji, otomatik ce, ba ruwanka da taka kuloci." Gaskiya ya faɗa, tana da daɗin tuƙi. Amma dillalin ba ya cikin motar ranar da za ta tsaya tsakanin Buruku da Udawa.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kimanin kilomita 120 ne, kuma akwai wurare masu tsawo da daji ne hagu da dama. Wanda zai karkata zuwa Randagi ko Kuyello ko Dogon Dawa, musamman da damina, zai haɗu da ramuka da laka da kwazazzabai. Mutanen da suka rayu a gefen dajin Kamuku da na Kuyambana cikin shekarun tashin hankali sun san abin da tsayuwar mota a irin wannan wuri ke nufi. Ko yanzu da aka samu sauƙi, babu mai son magariba ta riske shi da bonet a buɗe. Don haka tambayar farko ga mai saye ita ce, idan wannan mota ta ƙi tashi a hanya, da me za a tashe ta?

A nan manuwal ta yi wa otomatik nisa. Batir ya mutu ko kik ya ƙi ɗauka, sai fasinja uku su sauka su dafa but. Direba ya murɗa makulli, ya taka kuloci, ya sa giya ta biyu, motar ta ɗan ɗauki gudu, ya saki ƙafa, ta yi tsalle sau ɗaya, inji ya kama. Otomatik ba ta tashi da turi. Sai an samo wani batir, ko a jira wani direban ya yarda ya tsaya a daji ya ba da wuta. Jan ta da igiya ma yana da haɗari, domin famfon da ke zagaya da man giyarta inji ne ke juya shi. Idan injin a kashe yake aka ja ta tafiya mai nisa tayoyinta na ƙasa, kayan ciki za su yi ta gogayya babu mai, ƙaramar matsala ta koma babba. Maganin shi ne janwe, kuɗin kiran janwe daga Kaduna kuwa ba na mai ƙaramin ƙarfi ba ne.

Sai batun gyara. Abin da ya fi cinyewa a manuwal shi ne faifan kuloci, kuma kusan kowane bakanike da ya iya sauke giya zai canza shi cikin yini guda. Ba banza ba direbobin haya suka riƙe Golf 3 da Sharan tsawon shekaru, duk da cewa an daina ƙera Golf 3 tun kafin shekarar 2000. Kayanta na nan birjik a Panteka ta Kaduna da Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma yaron gareji ya san kowane noti a jikinta. Idan giyar otomatik ta fara santsi kuwa, da wuya a sami mai buɗe ta ya gyara a ƙaramin gari. Yawanci sai dai a sayo wata kwance a ɗora, ba tare da an san irin wahalar da ita ma ta sha ba. A tsofaffin motoci, manuwal mai giya biyar kan fi otomatik mai giya huɗu tattalin fetur, abin da ba a raina shi a wannan zamani.

Wannan ba ya nufin a yi wa otomatik kuɗin goro. Dattijo mai ciwon gwiwa, ko ma'aikaciyar jinya da yawancin tuƙinta tsakanin gida da asibiti ne, ko wanda kullum yake cikin cunkoson Kawo da Mando a Kaduna, suna da hujjarsu. Ga shi kuma motocin da ake shigowa da su daga Amurka kusan duk otomatik ne, domin can ɗin manuwal ta kusa ɓacewa a kasuwa. Wanda ya zaɓi wannan hanya ya nemi mai sauƙin ƙira, irin giya huɗun da ke cikin Toyota Corolla ta 2003 zuwa 2008, wadda ta yi suna wajen juriya idan ana canza mata mai a kan kari.

Waɗanda ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya yi hattara da su iri biyu ne. Na farko ita ce CVT, mai aiki da bel na ƙarfe a maimakon haƙoran giya, wadda ke cikin Nissan da yawa da kuma yawancin Corollar Amurka daga 2014. Tana da nata man na musamman. Aka zuba mata na otomatik na gama-gari, an fara kashe ta ke nan, kuma ba ta son zafi da lodi da faman fita daga laka. Na biyu ita ce mai kuloci biyu da kwamfuta ke sarrafawa, kamar PowerShift ta Ford Focus ƙirar 2012 zuwa 2016, wadda matsalarta ta kai masu motoci a Amurka suka maka kamfanin a kotu. Idan irin wannan mota ta zo da araha mai ban mamaki, mai saye ya tambayi dalili.

Ranar ciniki, a tafi da bakaniken da zai riƙa gyara motar, a biya shi kuɗin yininsa. Idan otomatik ce mai sandar gwajin mai, ya zaro ya ɗiga a farar takarda: ja mai haske alama ce ta lafiya, baƙi mai ƙaurin ƙuna kuwa yana nuna ta daɗe tana shan wuya. A taka birki a sa D, a koma R. In ta yi jinkiri kafin ta kama, ko ta kama da bugu, a bar ta. In manuwal ce, a hau tudu da giya babba a taka totur. Inji ya yi ƙara mota ba ta ƙara gudu ba, kuloci ya ƙare, sai a rage kuɗinsa daga ciniki. A leƙa ƙarƙashi a ga tazararta da ƙasa, domin motar da ta yi ƙasa sosai za ta bar salansa ko kwanon baƙin mai a hanyar Randagi. A ɗaga kafet a duba tsatsa da busasshiyar laka, tun da wasu motocin gwanjon Amurka ambaliya ce ta cinye su.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne zuba duk abin da aka tara a kan farashi da la'ada. Tsohuwar mota tana zuwa da buƙatunta tun makon farko: tayoyi, batir, shokozoba, baƙin mai da man giya, da sabunta takardu. Gara a sauko zuwa ƙirar da ta girmi wadda ake buri da shekara uku ko huɗu, a bar wani abu a hannu don waɗannan. Takardun kwastan kuma a kai su ofishin hukumar a tantance kafin a biya ko kwabo, domin jami'ai na kama motar da ba a biya mata haraji daidai ba ko da ta wuce ta hannun mutum uku.