Wane Ne Takari?

Akwai wata kalma wadda ba a wuni ba a ji ta ba a bakin mutanenmu na Kurayyat da sauran unguwannin Jidda, watau "takari." Mun ga ya kamata mu tsaya mu dube ta da kyau, gama ta fara ɓata zumunta, har tana hana aure.

Asalinta dai ba zagi ba ne. Takrur sunan wata ƙasa ce a bakin kogin Sanagal, wadda sarkinta War Jabi ya musulunta, ya rasu a 1040. Da alhazan yamma suka yi ta ratsowa ta Masar, sai Larabawa suka yafa wa kowa wannan suna, ko daga ina ya fito. Mansa Musa ya yi hajjinsa a 1324, bayan haka malamin nan al-Umari ya rubuta cewa Misirawa suna ce wa sarkin Mali sarkin Takrur, alhali kuwa Takrur lardi guda ne kurum cikin mulkinsa. Muhammadu Bello ma, tun bai zama Sarkin Musulmi ba, da ya wallafa Infakul Maisuri a 1812, tarihin ƙasashen Takrur ya kira shi. Ashe suna ne da manya suka ɗauka ba da jin kunya ba.

To, yau fa? Balaraben Jidda in ya ce "Takruni," dukanmu ya ke nufi, da Bahaushe da Babarbare da Bafillace da Bazabarme, bai ware kowa ba. Mu ne da muka karɓi kalmar muka sassaƙe ta, kowa ya yi mata ƙota daidai hannunsa. Wanda kakansa ya zo da ƙafa ta Sudan bayan yaƙin Burmi na 1903, ya sami takardar zama ɗan ƙasa, in ya ce takari yana nufin mai iƙama. Mai iƙama in ya faɗa, yana nufin wanda ya zo Umra ya maƙale ba takarda. Shi kuma wannan, da ya shekara biyar ya iya Larabcin kasuwa, sai ya juya ya kira sabon zuwa da ita. Can gida kuwa, a Kano ko Maraɗi, duk kanwar ja ce: kowa ya daɗe a nan takari ne, mace kuma a ce mata 'yar Kano-Jidda, ana yi ana taɓe baki. Kowa na miƙa wa na ƙasa da shi, ba mai cewa tasa ce.

Haka sauran sunayen su ke. A Sudan kowa Fallata ne, ko bai san kalma ɗaya ta Fillanci ba. A nan kuwa Hausawi da Fallata da Barnawi sun zama sunayen gidaje. Shehu Umar Fallata ya shekara da shekaru yana karantarwa a Masallacin Annabi har ya rasu a 1999, ba wanda ya raina sunan. Usama Hausawi ya shugabanci 'yan ƙwallon Saudiyya a gasar duniya ta 2018, ranar nan har waɗanda su ke ɓoye Hausarsu a gaban mutane sun ce nasu ne. Watau suna ya zama riga, a sa ran salla, a tuɓe ran da ba a so a gane mutum.

Wani zai ce ai wasa ne, kamar na Fulani da Barebari, ko na Kanawa da Zazzagawa. Ba mu yarda ba. Wasan dangi tsakanin tsara a ke yinsa, ka jefa a jefo maka, a yi dariya a watse. Amma wanda ba shi da takarda ina ya ga bakin ramawa? Ya san in rai ya ɓaci, magana ɗaya ta isa a kama shi a mai da shi gida, kamar yadda aka kwashe mutane da yawa bayan wa'adin 2013 ya cika. Wasan da ɗaya ke dariya ɗaya na tsoro ba wasa ba ne.

Abin da ya fi damunmu shi ne sha'anin aure. Ana kawo wa Liman ƙara irin wannan ba sau ɗaya ba: yaro mai sana'a, mai salla, an shaidi halinsa, amma a hana shi yarinya don wai ɗan takari ne. Lalle uba yana da hakkin ya tambayi matsayin takardar mai neman 'yarsa, domin abin ya shafi zaman 'ya'yan da za a haifa da karatunsu. Wannan tambaya ce ta hankali, a yi ta a fili. Amma takarda daban, asali daban. Kada a fake da guzuma a harbi karsana. Suratul Hujurati ta hana mu jifan juna da miyagun laƙabobi, ta kuma nuna mana an yi mu kabila kabila ne don mu san juna.

Ku tuna da rusau da aka fara a kudancin Jidda a ƙarshen 2021, wanda ya ci Gulail da Karantina da Sabil, ya warwatsa jama'armu. Motar rusau ba ta tambayi kowa shekarar zuwan kakansa ba. Da yawa waɗanda suka rasa ɗaki, a gidan wanda su ke kira takari suka fara sauke kaya.

Saboda haka muna roƙon jama'a abu uku. Na fari, a kira mutum da sunan da ubansa ya raɗa masa. Na biyu, a wajen aure da jana'iza da gudummawar ƙungiya kada a sake ware wani da wannan kalma. Na uku, iyaye su gaya wa yara inda sunan ya samo asali, don in an jefe su da shi a makaranta ko a titi kada su sunkuyar da kai.

Allah ya haɗa kanmu, ya tsare harsunanmu, amin. Haza wassalam.

Magatakardan Liman