Idon Zakara: Ganye Magani, Ƙwaya Dafi

Hunturu ya kankama, kuma duk wanda ya taɓa kwana a Jos a watan Disamba ya san yadda tari da mura ke zagaya gidaje. A irin wannan lokaci ne uwargida kan nufi masu maganin gargajiya a kasuwar Taminus, ko ta aika a tsinko mata ganyen idon zakara.

Idon zakara tsiro ne mai yaɗo da ke hawa bishiyoyi a kurmi da bakin rafi, har da shingen gida. Ganyensa na da zaƙi, kuma an daɗe ana tauna shi ko a dafa a sha saboda tari da ciwon maƙogwaro.

Haɗarin yana ga ƙwayar, ja wur mai ɗigon baƙi. A cikinta akwai dafin da likitoci ke kira abrin. Idan aka haɗiye ta ba a fasa ba, sau da yawa takan fita da bayan gida saboda taurin ɓawonta. Amma da zarar an tauna ko an daka, dafin ya samu hanya, kuma ƙwaya ɗaya na iya kashe yaro. A 2011 ma sai da aka janye awarwaron da aka yi da ita daga shaguna a Ingila.

Uwargida, da rani ne kwansonta ke bushewa ya tsage, yara su tsinta suna wasa. Ki duba aljihunansu, ki kuma tsince ganyen da kika sayo, kada ƙwaya ta biyo shi tukunya.

Idan yaro ya tauna ta, kada ki ba shi manja ko madara ki zauna jira. Amai, ciwon ciki da gudawa mai jini na iya jinkirta sa'o'i, wani lokaci kwanaki. Dafin ba shi da makari. Ƙarin ruwa da kulawar likita da wuri su ne ke ceto. Ku garzaya asibiti mafi kusa, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ku tafi da sauran ƙwayar likita ya gani.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa.